Ranƙwashin da Kyaftin Ya Ƙi Yi

Shekarun baya, a zamanin shugaban ƙasarmu na farko, wani abu ya faru da ni da abokina wanda har yau nake juya shi a raina. Tun kafin in yi nisa ina neman afuwa. An daɗe, kuma ƙwaƙwalwa kamar tsohuwar tabarma ce, inda ta cinye sai mutum ya cike gurbin da abin da yake zato. Abin da na tabbatar zan ce na tabbatar. Inda nake shakka ma zan faɗa, kuma za ku ga wuraren suna da ɗan yawa.

Unguwa ɗaya muka tashi da shi a Garwa. Ni gidanmu 'yan kasuwa ne, kakanmu ya zo da fatauci daga Najeriya ya zauna. Shi kuwa ɗan gidan mahauta ne. Na tafi jami'a a Yawunde na karanta tarihi, shi ya yi kwas ɗin malaman motsa jiki, ya dawo aka ba shi wata kolej a cikin gari. Tun muna yara yake kirana Malam Wataƙila, wai ko tambayata aka yi ko rana ta fito, sai na ce a bari in leƙa tukuna.

A wannan kolej ya yi suna. 'Yan ƙwallonsa suka riƙa lallasa makarantun yankin shekara bayan shekara, har mutanen kasuwa suna rufe rumfa da wuri ranar wasa. Yawancin yaran 'yan unguwarmu ne, 'ya'yan mahauta da na 'yan tireda, tsaran juna, tare suka koyi ƙwallo a kan yashin Binuwai lokacin rani. In suna wasa, daga nesa za ka ji su. Wannan ya kira wancan mai ƙafar agwagwa, wancan ya rama da abin da ba zan rubuta a nan ba, ƙwallo kuwa tana ta tafiya.

Abokina yana da wata al'ada da yake alfahari da ita. Wanda ya fi kowa iya wasa shi ne kyaftin, ko ɗan wane ne. Bayan kowane atisaye sai a zauna a kewaye, a yi ta tona shirmen juna ana dariya, a ƙarshe a tsayar da wanda ya fi kowa ɓata wasa a ranar, kyaftin ya tashi ya ranƙwashe shi sau ɗaya a tsakar ka. Ba ranƙwashi mai zafi ba ne, abin dariyar ne ke cizo. Washegari wanda ya sha shi zai shigo fili kamar an sake masa jini. Abokina yana cewa wannan shi ne sirrinsa duka, kuma ko ina ya kai shi zai yi aiki. Ni ma na yarda, don na gani da idona.

Da na gama jami'a aka tura ni mataimakin shugaban wata sabuwar kolej a wani ƙaramin gari can bayan Figil, ta wajen Mayo-Ulo. Sufirefen garin, wato babban jami'in gwamnati na yankin, mutum ne mai son ƙwallo ƙwarai, kuma yana jin zafin yadda kolej ɗin garin da ke maƙwabtaka da mu take cinye mu duk shekara ranar bikin ƙasa, a gaban baƙinsa. Wata rana yana ƙorafin nan a ofishin shugabanmu, sai na ji bakina ya ce na san wanda zai gyara. Ina jin a duk rayuwata wannan ne karo na farko da na faɗi magana ban sa mata wataƙila ba. Sufirefe ya kama maganar. Da sabuwar shekarar karatu ta zagayo, sai ga abokina a bayan motar kaya, da matarsa da jaririnsu da buhun ƙwallaye, yana yi mini dariya yana cewa yau zan ga aiki.

Yaran wannan makaranta daga ƙauyukan kewaye suke zuwa, Fulani da Gidar da Fali, da 'yan Hausawa ƙalilan. Abu biyu ya kamata in faɗa game da su. Na farko, a takarda duk kusan shekarunsu ɗaya, amma kowa ya san a lokacin ana rage wa yaro shekaru don a karɓe shi, saboda haka a aji ɗaya za ka ga mai muryar yara kusa da mai tsiron gemu. Na biyu, doka ce ba a yin wani harshe a makaranta sai Faransanci, kuma ni ne mai tsaron wannan doka. Na tsare ta kuwa da gaske, don ni mutum ne mai tsoron ranar da sufeton makarantu zai zo.

Cikin makon farko abokina ya gano wani dogon yaro mai buga gaba. Ya zo gidana da yamma yana rawar jiki, ya ce ko a Garwa bai taɓa riƙe irinsa ba. Nan take ya naɗa shi kyaftin.

Matsala ta fara ne a zaman kewaye. Abokina ya ce kowa ya faɗi shirmen ɗan'uwansa, sai aka yi tsit, kowa na kallon ƙasa. Ya yi musu misali da kansa, ya kwaikwayi gudun wannan da faɗuwar wancan, 'yan kaɗan suka yi murmushi suka haɗiye. Da ya ga ba mai magana, sai ya zaɓa da kansa. Akwai wani gajeren ɗan baya, mai nauyin jiki, marar magana, wanda ake yawan wuce shi da ƙwallo. Shi ya nuna, ya ce kyaftin ya tashi ya yi aikinsa. Kyaftin ya tashi, ya tsaya, bai matsa ba. Abokina ya maimaita. Yaron ya ce hannunsa ke ciwo. Aka watse a haka. Da aka sake tsayar da gajeren nan a wani atisayen, kyaftin ya sake tsayawa kamar an kafa shi, abokina ya yi ta faɗa har muryarsa ta dishe, ya ce shi bai taɓa ganin taurin kai irin na yaran ƙauye ba.

Daga nan sai wasan kyaftin ya lalace. Yaron da ke ratsa mutum uku kamar ba ya ganinsu, sai ga shi yana harba ƙwallo sama daga bakin raga, yana miƙa ta ga abokin hamayya. Kusan kullum shi ne wanda ya fi kowa ɓata wasa. To, a tsarin abokina, in kyaftin ne ya yi laifi, malam da kansa ke ranƙwashinsa. Yaron yakan miƙo kai ba gardama, har kamar da sauƙin rai, wannan kuwa ya fi komai ƙona wa abokina zuciya. Ya ce raini ne. A fili kuma babu mai kiran wani. Mai tsaron gida zai ga hatsari na zuwa ya yi shiru. Mutum goma sha ɗaya suna wasa kamar masu zaman makoki. Muka yi wasannin sada zumunta da makarantu biyu ko uku, duk aka ci mu, ɗaya ma cin da ba na son tunawa.

Ni kuwa na shiga bincike, irin na wanda bai taɓa buga ƙwallo ta shiga raga ba. Na ce wataƙila filin ne ya karkace. Na ce wataƙila abinci ne, yaran Garwa sun tashi da nama, waɗannan da kunu. Na ce wataƙila tafiyar ƙasa da suke yi daga ƙauye ce ke cinye ƙarfinsu. Har wani littafin Faransanci na dabarun ƙwallo na aro, na yi ta zana masa kibiyoyi a allo. Ya dube ni ya ce in kibiya ce ke cin wasa, da maharba sun ɗauki kofi. Shi nasa tunanin ya fi nawa muni. Da farko ya ce sammu aka yi masa. Daga baya ya daina cewa haka, ya fara cewa ƙila dama can bai iya komai ba, sa'a ce ta ɗauke shi a Garwa ta sauke shi a nan.

Sufirefe ya kira mu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce bikin ƙasa ya kusa, in aka sake kunyata shi gaban baƙi zai nemi a ɗauke malamin wasanni a kawo wani, ya kuma dube ni ya ce ya ɗauka mutanen jami'a suna auna magana kafin su faɗe ta. Da muka fito abokina ya gaya mini in aka ɗauke shi da sunan ya kasa, ba zai sake taka wata makaranta ba, zai koma kwata ya karɓi wuƙar ubansa. Na san shi, ba barazana yake yi ba. Mutumin da na ciro daga inda ake ɗaga shi sama, da iyalinsa, ga shi zai bar aikin da ya fi so a duniya. Abinci ya daina yi mini daɗi.

Ana cikin haka sai aka wayi gari yara biyu ba su zo ba, kyaftin da gajeren ɗan bayan nan. Aka aiko cewa ɗaya mahaifinsa ya rasu, ɗaya kuma kakansa. Shugabanmu ya ce ni da abokina mu je ta'aziyya da sunan makaranta. Na tsara tafiyar da kyau, gida biyu a wuni ɗaya, mu fara da na kusa. Muka hau mobilet ɗinsa, wato ɗan ƙaramin babur, ni a baya. A kasuwar wani ƙauye na tambayi hanyar gidan farko aka nuna mini, na tambayi ta gida na biyu aka sake nuna mini ita. Na ɗauka Fulatancina ne bai fita ba, na sake tambayar wani, shi ma ya nuna can. Muka bi, muka tsaya a ƙofar gida ɗaya.

An shimfiɗa tabarmi a gindin wata bishiya, 'ya'yan marigayin suna jere suna karɓar gaisuwa. A ƙarshen layin, cikin babbar riga da hula, ga gajeren ɗan bayanmu zaune. Dattawa suna durƙusawa gabansa suna yi masa ta'aziyya kamar yadda suke yi wa sauran. Muka zauna muka yi addu'a. Can sai ga kyaftin ya fito daga cikin gida ɗauke da ƙwaryar ruwa. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya zo ya tsuguna gaban gajeren nan, ya ajiye ƙwaryar da hannu biyu, bai ɗaga ido ba, ya ja da baya.

Babban ɗan marigayin, wanda shi ne mahaifin kyaftin, ya yi mana godiya cikin Fulatanci yana haɗawa da Hausa don ya ga mu Hausawa ne. Ya ce Allah ya saka mana da muke koyar da ƙanensa da ɗansa. Ya ce da gangan ya tura su tare, don autan gidansu ya sa ido a kan yaron. Sannan ya juya wajen abokina, ya kira shi yadda ake kiran malaman boko da Faransanci.

"Mushe, in yaron nan ya yi ba daidai ba, kada ka wahalar da kanka. Ka gaya wa baffansa, ga shi nan, shi zai hore shi."

Abokina ya ce to. Muka yi sallama muka tashi.

A hanyar dawowa ya tsayar da mobilet a bakin wani busasshen rafi, ya sauka ya zauna a kan dutse.

"Malam Wataƙila, ka ji abin da na ji?"

Na ce na ji, sai dai wataƙila...

"In ka ƙarasa wannan kalma yau, a nan zan bar ka ka taka da ƙafa." Sannan ya ce, "Wata da watanni ina tsaye a kan yaro wai sai ya ranƙwashi baffansa a gaban mutane. Ni da ko takalmin baffana ba na tsallakawa."

Ba wai ba mu san al'adar ba ne. Da ita aka raine mu. Amma sunan uban da ke takardar kowannensu daban ne, ɗan ya fi baffan tsawo, kuma kalmar da za ta tona mana komai, wato baffa, ba ta da wurin fita a makarantar da ba a yin sai Faransanci. Su kuma ba za su zo su gaya wa malami ba, don faɗin ma wani abin kunya ne. A bakin rafin nan abokina ya haɗa sauran. Ya ce yaron da gangan yake zubar da ƙwallo, don laifin ranar ya faɗo kansa, ya sha ranƙwashin, kada a sake tsayar da baffansa. Na ce ba mu da tabbas. Har yau ma ba mu da shi, don da abokina ya tambaye shi a keɓe bayan sun dawo, abin da ya ce kawai shi ne ƙafarsa ce ta yi ciwo, amma yanzu ta warke.

Abokina ya bi sauran yaran ɗaya bayan ɗaya, a wajen makaranta, da Fulatanci. Ashe mai tsaron gida wansa ne ke tsaye a gabansa a baya, shi ya sa ba ya iya daka masa tsawa. Wasu biyu kuma gari ɗaya suka fito, ɗayansu ɗan mai garin ne. Sai ya soke zaman kewaye da ranƙwashi gaba ɗaya, ya koma jan kowa gefe ya gaya masa kuskurensa su biyu. Ya ba baffan muƙamin kyaftin. Dogon yaron da aka karɓe wa muƙamin, ban taɓa ganin wanda aka sauke yana murna irin tasa ba. Abokina dai bai ji daɗin sabon tsarin ba, kullum yana mita wai ƙwallo ba zagi kamar miya ce ba gishiri.

Saura ni. Ya ce in bar yara su yi harshensu a fili. Na yi mako guda ina juyi, ina hango sufeto ya sauko daga mota daidai lokacin da wani ke ihu da Fulatanci. A ƙarshe na je na duba na ga shingen makaranta bai kai ga filin ƙwallo ba, don ba a gama shi ba. Na yanke hukunci cewa filin a waje yake, doka ba ta kai can ba. Abokina ya ce ashe jami'a tana da amfani.

Ranar bikin ƙasa gari ya cika. Sufirefe yana ƙarƙashin rumfa da baƙinsa, ni ina bayansu a kujerar da ba ta da daɗi. Tun kafin hutun rabin lokaci aka zura mana ɗaya. Na dubi abokina a bakin fili, na fara tunanin yadda zan kalli mahaifiyarsa in mun koma Garwa. Bayan an dawo wasa ya yi ta tafiya ba wani labari, har na daina kallon fili na koma kallon ƙeyar sufirefe. Sai na ji wata murya da ban taɓa ji ba, mai kauri, ta cika filin. Baffan ne. Ya tare ƙwallo a baya, ya kira sunan ɗan wansa da ƙarfi, ya ce masa da Fulatanci ya ruga. Yaron ya ruga kamar wanda aka aika. Ƙwallo ta sauka gabansa, ya wuce mutum ɗaya, ya sa ta a raga.

A iya tunawata, kunnen doki aka tashi, ɗaya da ɗaya. Sufirefe ya sauko ya ba abokina hannu, ya ce an ga canji. Maganar ɗauke shi ba ta sake tasowa ba. Ni kuwa sai na tashi daga kujerar nan na kama hanya. Da na isa gida na ci tuwo har matata ta tambaye ni ko lafiya.

Abokina ya yi shekaru a wannan makaranta. Kada in yi muku ƙarya, bai taɓa ɗaukar kofi a can ba. Yana ci, ana cinsa, amma ba a ƙara yi mana dariya ba. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne wanda ya gaje shi a Garwa, mutumin da abokina ya ce ko usur bai iya busawa ba, ya ci gaba da lashe wasanni na wani lokaci da yaran unguwarmu.

In na zauna yanzu na ji ana gardama a rediyo, wai wane ya yi nasara a wannan ƙungiya ya je waccan ya faɗi, don haka dama bai iya ba, sai in yi shiru. Ba na cewa na san amsar kowa. Amma game da abokina, ina ganin rabin abin da ya kira sirrinsa ne kawai nasa. Ɗaya rabin na yaran Garwa ne, tsaran da suka tashi suna zagin juna ba mai riƙe wani a zuci, kuma wannan rabin bai shiga motar kaya ba. Ya iso da irin da ya saba shukawa, bai tambayi ƙasar ba, ni ma da na kira shi ban tambaya ba. Mun yi sa'a ƙwarai da muka gane kafin lokaci ya ƙure, kuma duk sanda na tuna yadda abin ya kusa ƙarewa sai in yi hamdala.

In akwai wanda ya tsaya a bakin filin nan a ranar, ko ya buga, ko ya ji labarin daga mahaifinsa, don Allah ya gyara mini inda na kauce, musamman sakamakon wasan. Ni na ce ɗaya da ɗaya. Abokina, da yake yanzu ya tsufa yana zaune a Garwa cikin jikokinsa, ya ce biyu da ɗaya muka ci, bara ma na ji ya kai ta uku. In gyaranku ya nuna cin mu aka yi, ku aiko mini ni kaɗai, kada ya ji.